Tanderun bututu mai digiri 1200: wata 14 ina gasa ZnO da TiO2 a cikinsa

Akwai wata 'yar takarda da na liƙa da salatif a gefen tanderun nan, jeri biyu ne kawai na lambobi. Na hagu abin da allon na'urar ke nunawa, na dama kuma zafin da ke tsakiyar bututun da gaske. Duk baƙon da ya shigo ɗakin gwajinmu sai ya tambaye ni ta mece ce. Amsar ita ce rabin abin da zan faɗa a kan wannan tanderu. Ɗaya rabin yabo ne, don ba ƙaramin aiki ya yi mini ba.

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Masana'antu da dama ke ƙera irinsa, fenti da tambari kawai suka bambanta su, saboda haka abin da zan faɗa zai iya shafar naka ko da ba uwa ɗaya suke ba. Namu mai buɗewa ne kamar akwati, murfi a sama da 'yan makullai biyu. Sashen da ke ɗaukar zafi santimita 30 ne, bututun na gilashin kwaz mai faɗin milimita 50, wayar da ke dumama shi haɗin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam ce. A takarda yana kai digiri 1200 na ma'aunin Selshiyas, amma an ce kada a zaunar da shi sama da 1100 na tsawon lokaci. Ni dai ban taɓa kai shi 900 da gangan ba. Ka riƙe wannan “da gangan” ɗin, za mu dawo kansa.

Aikina ƙananan kiristal ne na semikondakta, wato sinadaran da ke tsakanin masu wucewa da lantarki da masu tare shi, galibi zink oksaid da titaniyam dayoksaid, waɗanda muke rubutawa ZnO da TiO2. Idan ka haɗa su a cikin ruwan sinadari ka busar, abin da kake samu gari ne da ƙwayoyin zarrarsa ba su gama jeruwa ba, ga ragowar ruwa da dattin sinadaran da aka haɗa shi da su. Zafi ne ke ba ƙwayoyin zarra damar motsawa su sami mazauninsu. To amma zafin da ya jera su, shi ne kuma ke sa kiristal ɗin girma. Ƙaramin kiristal kaso mai yawa na zarrarsa a fatar waje yake, ba shi da kwanciyar hankali, da ya sami hanya sai ya rage wannan fatar. Ko dai ƙanana su riƙa zaizayewa suna ciyar da manya, abin da ake jingina wa Wilhelm Ostwald, ko kuma maƙwabta biyu su haɗa wuya su zama ɗaya. Mai gashi kullum tsakanin abu biyu yake: yana son kiristal mai tsari, ba ya son ya yi ƙiba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Alexei Ekimov, ɗaya daga cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023 tare da Louis Brus da Moungi Bawendi, da tanderu ya fara. A birnin Leningirad na tsohuwar Tarayyar Sobiyat ya riƙa dumama gilashi mai ɗauke da sinadarin tagulla da kulorin tsakanin digiri 500 da 700, wani awa 1, wani har awa 96. Kiristal ɗin da suka tsiro a cikin gilashin wasu nanomita 2 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wasu sun kai 30, kuma hasken da suke sha ya bambanta gwargwadon girmansu. A 1981 ya wallafa sakamakon. Zafi da lokaci kawai ya juya. Duk ran da na tsaya gaban namu ina danna maɓalli, abin da nake juyawa ke nan.

Bari in fara da inda ya burge ni. Gwajin farko da na yi, na raba garin ZnO guda kashi uku, na gasa a 350, 500 da 700, kowanne awa 2 a cikin iskar ɗaki. Da na kai su na'urar XRD, wadda ke haska gari da hasken X-ray ta zana tsini-tsini masu nuna tsarin kiristal ɗinsa, tsinin nan uku da kowa ya san ZnO da su, a kusurwar 31.8 da 34.4 da 36.3, sun fito yadda littafi ya ce. A na 350 tsinin faffaɗa ne kamar tudu. A na 700 ya tsuke ya miƙe siriri. Da lissafin Paul Scherrer na 1918, wanda ke fitar da girman kiristal daga faɗin tsini, na sami kusan nanomita 16, 27 da 44. Ba lambobin ne suka faranta mini rai ba. Na sake gashin 500 ɗin sau biyar cikin mako uku, sakamakon bai kauce daga 26 zuwa 28 ba. Wanda ya taɓa fama da tsohon tanderun akwati, inda gashin yau da na gobe ba sa ko gaisawa, ya san darajar wannan.

Wani abu kuma da murfin mai buɗewa ya ba ni, ko da ba shi da wani amfani a rahoto: na ga ZnO yana canja launi da idona. Idan ka ɗaga murfin kaɗan zafi na wajen 500, garin da ka zuba fari fat za ka gan shi rawaya a cikin kaskonsa, yana hucewa yana komawa fari. Na sha karanta wannan. Ranar da na gani sai da na kira ɗalibar da ke aiki tare da ni ta zo ta leƙa. Ba na ba da shawarar a mai da shi ɗabi'a, wayar dumamawa ba ta son iska mai sanyi ta buge ta tana ja.

Matsalar ta ɓullo ne da na koma TiO2. Shi wannan yana da siffa fiye da ɗaya. Anatas, mai tazarar makamashi 3.2 a ma'aunin eV (wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya motsa lantarkin cikinsa), shi aka fi nema a aikin tsabtace ruwa da haske. Rutayil, mai 3.0, shi ne wanda ya fi zama daram idan kiristal ya girma. Hengzhong Zhang da Jillian Banfield sun nuna a 1998 cewa ƙasa da nanomita 14 ko makamancin haka anatas ne ya fi kwanciya, sama da nan rutayil ke karɓe gari. Sauyin yakan faru a wajen digiri 600 zuwa 700, ya danganta da girman ƙwaya da tsabtar sinadarin, kuma ba ya komawa baya. Wanda ya wuce ya wuce.

Na sa 600, awa 2, hawan digiri 10 a minti. Gari ya yi mini yawa a kasko ɗaya, sai na jera kaskon alumina biyu, irin masu siffar kwalekwale, ɗaya a tsakiya ɗaya a bayansa. Gari ɗaya, rana ɗaya, bututu ɗaya. XRD ta dawo, na bayan anatas ne tsantsa, tsininsa a 25.3 shi kaɗai a wannan yankin. Na tsakiya kuwa ga wani tsini ya tsiro a 27.4, tsaye ƙyam, wato rutayil. Kwana biyu ina zargin kaina. Na ce ko kaskon ne ba a wanke ba, ko na rikita kwalabe. Mai kula da ɗakin gwajin, dattijo ne da ya girme ni a wannan aiki nesa ba kusa ba, ya dubi takardun biyu ya ce, “Malam, ka auna cikin bututun kuwa?” Na ce, “Ai allo na nuna 600, Baba.” Ya ce, “Allo inda aka sa masa hanci yake shinshina.”

Muka aro wani ma'aunin zafi mai dogon tsinke wanda aka tantance ingancinsa, muka zura ta bakin bututun, muka riƙa jan sa santimita biyu-biyu muna jira ya natsu muna rubutawa. Yini guda ya ci. Abin da muka gano uku ne, kuma kowanne da nasa laifin.

Ma'aunin zafin da ya zo da tanderun, irin wanda ake kira nau'in K, a wajen bututu yake, ya shigo ta bayan bango. Ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ba shi da ƙarfi, sai ma'aunin ya ja baya 'yan milimita ya shige cikin audugar da ke tare zafi. Yana jin sanyi fiye da gaskiya, sai na'urar ta riƙa ƙara wuta. Allo na cewa 600, tsakiyar bututu na 622. Sannan a ƙarshen hawa, na'urar ba ta taka birki da wuri, takan zarce da kusan digiri 15 ta yi mintoci kafin ta sauko. Na ƙarshe, yankin da zafinsa yake daidai, wanda takardar talla ta ce santimita 10 ne, mu 6 muka samu. Ka matsa santimita 10 daga tsakiya, ka yi asarar digiri 40. Kaskona na tsakiya ya leƙa 637, na baya bai ko kai 590 ba.

Wani zai ce digiri 30 a cikin 600 ai ba komai ba ne. A wannan aiki komai ne. Saurin motsin zarra ba ya bin zafi taku-taku, tsalle yake yi, bisa ƙa'idar Arrhenius. Ɗauki abin da ke buƙatar kilojul 200 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) kafin ya motsa: daga 600 zuwa 630 saurinsa ya ninka sau biyu da rabi. Gashin awa 2 ya zama tamkar na awa 5 ba ka sani ba. Shi ya sa idan na karanta takardar bincike aka ce “an gasa a 600” ba tare da faɗin saurin hawa, ko inda kasko ya zauna, ko yadda aka huce ba, nakan ɗauki lambar da hannu biyu amma ba na jingina da ita.

Gyaran bai yi wuya ba, kuma a nan zan yi wa masu sayarwa adalci. Na aika musu hoton riƙon da ya saki, cikin kwana uku suka amsa, suka turo wani mai ƙusa biyu. Abin da ba su yi ba shi ne su yarda cewa santimita 10 ɗin nan da suka rubuta sai an toshe bakin bututu biyu da tubalan kumfar alumina ake samun kusa da shi. Tubalan suna cikin kwali, a leda, ba wanda ya ambace su a littafin jagora. Da na sa su yankin ya faɗaɗa zuwa santimita 9. Na kuma bar na'urar ta koyi halin tanderun da kanta, akwai wannan tsari a cikinta, na raba hawan biyu: digiri 10 a minti har saura 50, daga nan digiri 2 a minti. Zarcewar ta koma digiri 2 ko 3. Sandar da nake tura kasko da ita na yi mata zane da abin karce, kasko ɗaya tak nake sawa, kullum a wuri ɗaya. Takardar salatif ɗin nan daga ranar ta samo asali, kuma duk wata uku nake sabunta ta, don ma'aunin nau'in K yana gocewa a hankali idan ya daɗe a wuta.

Batun iska. Marafan bakin bututun na ƙarfe ne da zoben roba biyu-biyu, akwai famfon shiga da na fita da agogon matsi. Suna riƙewa, in dai ka ɗaure ƙusoshin bi da bi a kewaye, ba ka gama da ɗaya ka koma ɗaya ba. Ma'aunin kwararar iska da ya zo da shi kuwa na wasa ne, ƙwallon cikinsa rawa yake yi a ƙasa da mililita 50 a minti, na canja shi. Ka kuma sani cewa iskar da ke wucewa tana tura wurin da ya fi zafi gaba, wajen mafita. A mililita 200 a minti na ga ya gusa kusan santimita 2. Idan za ka yi aiki da iskar agon ko ta naitirojin, waɗanda ake turawa don korar oksijin daga bututu, auna taswirar zafinka iskar na tafiya.

Irin iskar ma tana shiga cikin kiristal ɗin. ZnO da aka haska da hasken da ya wuce shuɗi yakan mayar da haske biyu: siriri a wajen nanomita 380, wanda ke nuna kiristal mai lafiya, da wani kore mai faɗi a wajen 510, wanda ke fitowa daga tawayar cikin gini. Masana har yau suna jayayya a kan wace tawaya ce, guraben oksijin ko na zink ko wani abu daban, amma kowa ya yarda gashi a iskar ɗaki da gashi a agon ba sa ba da rabo ɗaya tsakanin hasken biyu. Tanderun ya ba ni damar juya wannan yadda nake so, na kuma maimaita. Ɗalibata ta taɓa fito da gari mai ruwan toka daga agon tana murna ta samar da guraben oksijin. Gawayi ne. Ragowar sinadarin asitet ne bai sami oksijin da zai ƙone shi ba. Tun daga nan sai mu fara ƙone datti a iskar ɗaki a 350, kafin mu rufe mu saki agon.

Bututun kwaz yana da kyau, yana jure sauyin zafi fiye da na alumina, wanda sai an lallaɓa shi da digiri 5 a minti ko ƙasa. Amma ba ya son hannu. Gishirin gumin yatsa yana sa gilashin ya fara zama kiristal a zafi mai yawa, wurin ya yi fari kamar hazo, daga baya ya tsage. Bututuna na farko har yanzu da hoton babban yatsana a jikinsa. Safar hannu da ɗan barasar goge-goge sun isa. Idan kuma ka gasa ZnO a iska mai haidirojin, ko da kashi 5 cikin 100 ne, zink yakan kuɓuce ya tashi, tun da a 907 yake tafasa kuma tun kafin nan yana turiri, ya je ya kwanta a ɓangaren bututu mai sanyi. Gashi na gaba zai gaji wannan. Yanzu kowane sinadari da bututunsa, na rubuta suna a ƙarshensa.

Inda ba zan yafe ba shi ne allon sarrafawa. Maɓalli huɗu ne, lambobi ja da kore, matakai 30. Ba ka gaya masa digiri nawa a minti, sai dai ka ba shi zafin farko, mintoci, zafi na gaba, ka yi lissafin da kanka. A ƙarshe dole ka sa wata lamba mai alamar ragi da ke nufin “kashe”. In ka manta, ba ya tsayawa, sai ya wuce matakin da ke biye, ko wane ne ya bar shi a ciki. Wani abokin aiki ya yi amfani da shi kafin ni da shiri mai tsawo. Na shigar da nawa mai matakai uku a kan nasa, na duba sau ɗaya, na tafi gida. Da safe na tarar da allo na nuna 900, kuma bisa lissafina ya kai awa 6 a nan. Garin ZnO da na yi mako biyu ina haɗawa, wanda ya kamata ya fito laushi kamar hoda, ya kankance ya dunƙule ya zama ɗan dutse, da na juye kaskon sai da ya yi ƙara a kan tebur. Ba mamaki, ZnO a 1975 yake narkewa, kuma da an wuce rabin wannan a ma'aunin Kelvin, wato wajen 850 a Selshiyas, ƙwayoyi sun fara haɗewa gadan-gadan. Na kai shi XRD don neman sani kawai. Tsinin ya sirance har lissafin Scherrer ya daina aiki, don sama da nanomita 100 faɗin da kake gani na na'urar ne, ba na kiristal ba. A madubin ƙara girma na lantarki ƙwayoyin sun fi rabin maikiron, wato nanomita 500, fuskokinsu sumul, kyawawa, marasa amfani a gare ni.

Laifina ne, na yarda. Amma na'urar da za a bari ita kaɗai da wuta cikin dare bai kamata ta dogara da lamba ɗaya da mutum zai iya mantawa ba. Akwai iyakar ƙararrawa da ke yanke wuta, sai dai daga masana'anta a 1200 aka ajiye ta, kuma tana ɓoye a shafi na uku na saituna. Ranar farko ka nemo ta ka sauke ta zuwa digiri 30 sama da abin da kake so.

Hucewa ba shi da sauri. Daga 700 zuwa 100 da murfi a rufe yakan ci mini awa 4 da wani abu, kuma rabin awar farko kiristal na ci gaba da girma, saboda haka tana cikin gashin ko ka ƙirga ko ba ka ƙirga ba. Idan ina son tsayar da girma nan take, nakan ja kaskon zuwa bakin bututu mai sanyi da ƙugiyar waya maimakon in buɗe murfi. Jikinsa na waje ba ya ƙona hannu ko a 800, fankarsa ba ta da hayaniya, mutum biyu na iya ɗaga shi.

Ga wanda ke gasa garin oksaid ko siraran shimfiɗu a kan gilashi ko silikon tsakanin 300 da 1000, gram ɗaya ko biyu a lokaci guda, zan ce ya saya, amma ya haɗa da ma'aunin zafi na biyu da bututun ajiya tun a odar farko. Wanda ke aikin ferobuskait, wani nau'in kiristal da ake gwadawa a faifan hasken rana, inda gashin na wajen digiri 100 ne na 'yan mintoci, farantin dumamawa ya fi masa, don wannan ƙasa da 200 lilo yake yi sama da ƙasa. Mai son dumama cikin daƙiƙoƙi don kiristal ya jeru kafin ya sami lokacin ƙiba, na'urar fitilu yake buƙata. Mai tsiro da siraran wayoyin nano daga turiri, wanda ke son tushe a zafi ɗaya, mazauni a wani zafin, ya nemi mai sassa biyu ko uku. Na gwada da wannan, ina cin moriyar gangaren zafin da na yi ta ƙorafi a kansa, wayoyin sun fito sau biyu cikin bakwai.

TiO2 ɗin kuwa na sake shi a watan jiya. Allo a 588, bisa takardar salatif, kasko ɗaya a kan zane, tubalai a baki biyu. Anatas tsantsa, nanomita 21, babu komai a 27.4.